Muryar Shamsiyya a Zauren Dangi

Saura kaɗan wayar ta suɓuce daga hannun Shamsiyya ta faɗa cikin bahon wanki.

Ta goge hannu da gefen zaninta ta sake dubawa, ko idonta ne ke yi mata gizo. Ba gizo ba ne. Saƙon muryar da ta ɗauka ɗazu don Mujitaba, ga shi nan zaune daram a zauren danginsu na waya, wanda aka raɗa wa suna Zuri'ar Malam Dikko, wato kakansu.

Ta danna. Muryarta ta fito a sanyaye, irin muryar da ko ita ba ta san tana da ita ba.

“Ranka ya daɗe... ka isa Doguwa lafiya? Tun da ka tayar da babur na ga hadari ya haɗo, hankalina ya ƙi kwanciya. Ka bi a hankali, ka ji? Ka kula mini da kanka, sanyin idona.”

Ta goge shi da sauri, amma ta makara. Gwaggo Luba, ƙanwar mahaifinta da ke aure a Kwanar Dangora, har ta riga ta aiko da amsa.

“Iko sai Allah. Wane ne kuma sanyin ido?”

Shamsiyya ta zame ta zauna a kan turmi, ta rufe fuska da mayafi.

Tun tana ƙarama mahaifinta ya rasu, mahaifiyarta ta yi aure a nesa, sai ta tashi a hannun kakarta, Inna Tasalla, a tsohon gidansu na Ƙafin Maiyaki. 'Ya'yan Inna da jikokinta duk sun watsu. Babban ɗanta, Baffa Ɗahiru, yana Kano, wasu na Zariya, wasu har Legas. Ita kaɗai ta rage tare da tsohuwar, tana koyarwa a Islamiyya da yamma, tana ɗinkin hula da safe.

Ba wanda ya naɗa ta, amma ita ce bakin gidan. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ta zauna a gindin darbejiyar tsakar gida ta ɗauki labarin mako ta tura wa dangi. Ta faɗi yadda gwiwar Inna ta kwana da abin da awon jininta ya nuna. Ta ce masara ta fara gemu, jar akuya ta haifi biyu, ɗayan sai rigima. Ta bi kowa ta tambayo nasa ta haɗa: Hamdiyya ta samu koyarwa a Bebeji, Imran ya sake cika ɗaki da tattabaru har matarsa ta fara ƙorafi, jaririn Zulaihat ya fito da haƙori. Wani zubin ana jin Inna daga nesa tana gyara mata zance. Na Legas sukan ce in suka saurara har ƙanshin ƙasar gida suke ji.

Labarin kowa yana bakinta. Nata ne kawai ba ta taɓa bayarwa ba.

Mujitaba ma'aikaci ne a ƙaramin asibitin garin. Iyayensa makiyaya ne a wata ruga kusa da Doguwa, suna noma suna kiwo. Da gwiwar Inna ta hana ta tafiya, shi ya ɗauki nauyin biyowa duk mako ya auna ta. Zai yi sallama ya durƙusa har ƙasa, ya naɗa mata abin awo a dantse, Inna na tsokanarsa da “ɗan Fulani, ina nonona?” Mako na gaba kuwa sai ga shi da ƙwaryar kindirmo daga mahaifiyarsa. Shamsiyya ce ke karɓa. Tun tana karɓa kanta a sunkuye, har ta fara ɗagowa. Ranar da ya ga wata hula a hannunta ya ce mai wannan hular ya ji daɗi, ta ce ai ba ta da mai ita tukuna. Ya ce to ta ajiye masa.

Daga nan aka fara.

Kafin la'asar ta ranar da saƙon ya ɓata hanya, zauren dangi ya kaure. Matasa na ta tura dariya da addu'ar Allah ya sanya alheri, manya sun yi tsit. Sai ga kiran Baffa Ɗahiru. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tayar mata da hankali ke nan. Ya tambaye ta ko wane ne, ta faɗa masa cikin in-ina. Ya ce shi ne waliyyinta, amma sai a bainar jama'a zai ji tana da manemi, kuma mutumin da ba su san gidansu ba. Ya kashe waya.

Inna na kwance a ɗaki tana jin komai.

“Kuka kike yi?”

“Inna, na kunyata kaina...”

“Sata kika yi? Tashi ki ƙarasa wankinki, rana na tafiya.”

Da Mujitaba ya ji, daga Doguwa ya kira. Ya ce gobe zai kama hanyar Kano ya je ya durƙusa gaban Baffa. Ta roƙe shi ya dakata har wutar ta lafa.

“Shamsiyya, ni ban ji kunyar a san ina sonki ba,” ya ce. “Abin da ya dame ni kukan da nake ji a muryarki.”

“Ni ma ba son na yi nadama ba.”

“To share hawayen, abar ƙaunata. Duk inda aka ce na je zan je.”

Da a nan ta tsaya da sauƙi. Sai dai Gwaggo Luba ta daɗe tana yi wa ɗanta Sagir tanadin Shamsiyya a zuciya, ba ta taɓa furtawa ba don tana ganin tuwon gida ne, ba mai ɗauka. Shi ma Sagir, da ke da shagon kayan babur a bakin titin Kwanar Dangora, haka ya ɗauka. Bai taɓa zuwa zance ba, bai taɓa tambayar ra'ayinta ba. Yanzu da ya ga abin zai wuce shi, sai ya hau mota ya tafi Kano, ya zauna ya tsara wa Baffa magana. Ya ce labarin Juma'ar nan duk ado ne. Inna na jin jiki sosai, yarinyar ce ke ɓoyewa don kada a ɗauke tsohuwar zuwa birni, saurayinta ya rasa hanyar shiga gida.

Maganar ta dawo kunnen Shamsiyya ta bakin Hamdiyya. Wannan ta fi ta farko ciwo. A ce ba ta da kunya ta iya haɗiyewa, amma a ce tana wasa da lafiyar Inna?

Juma'a ta zo, ta zauna a gindin darbejiya da waya a hannu. Ta buɗe baki, ta rasa ta inda za ta fara. Wa zai yarda da ita? Ta tashi ta shiga ɗaki.

Zauren ya wuni shiru. Can sai na Legas suka fara tambaya ko lafiya. Zulaihat ta kira ta ce ita fa ba ta iya shiga sabon mako ba ta ji akuyar Inna ba. Imran ya yi ƙoƙarin cike gurbi, ya tura labarin tattabarunsa, ba wanda ya tanka masa. Shamsiyya na gani, ta kife wayar.

Da hantsin Asabar mota ta tsaya a ƙofar gida. Baffa Ɗahiru ne, Gwaggo Luba na biye, Sagir a baya yana kaɗa makulli. Shawarar da suka yanke ita ce a tafi da Inna Kano, Shamsiyya kuma ta koma gidan Gwaggo.

Suka yi sallama suka shiga, suka yi turus.

Inna na tsakar gida a kan kujerar tsugunno, tana ɓarar gyaɗa tana faɗa da ɗan akuyar da ya sa baki a faranti. Ta ɗago ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

“A'a, yau manyan baƙi ne da ni. Gawa kuka zo ɗauka?”

Baffa ya durƙusa ya gaishe ta, yana satar kallon fuskarta da ta yi fes. Shamsiyya ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta koma bakin ƙofar ɗaki ta rakuɓe. Da aka gama gaisawa ya fara bayani a hankali, wai an ce jikin ya matsa mata.

“Wa ya ce?”

Sagir ya shiga duban ƙasa.

“Sagir, yaushe rabonka da gidan nan? Tsakaninmu da Kwana tafiyar babur ce, amma tun ƙaramar Salla ban ga ƙeyarka ba. A ina ka ga ciwon nawa?”

Gwaggo Luba ta fara cewa ai yaro ne, damuwa ce ta sa shi. Inna ta ɗaga mata hannu. Ta ce ciwon gwiwa dai tana da shi, hawan jini ma tana da shi, kuma duk yarinyar nan ta faɗa musu ba ta rage komai ba. Ranar da jiri ya ɗebe ta a bakin rijiya, Shamsiyya ta sanar da su, ta kuma roƙi wani ya zo ya duba ta. Addu'a suka turo ta waya. Wanda ya zo ya ɗauke ta zuwa asibiti, ya tsaya har aka sallame ta, shi ne wanda suke cewa ba su san gidansu ba.

“Kuna zaune a garuruwanku, ita ke haɗa muku kanku. Ta bakinta kake sanin ɗan ƙanwarka ya samu aiki, Ɗahiru. Yau ta yi tuntuɓen harshe sau ɗaya, shi ne kuka cika mota?”

Baffa ya sunkuyar da kai. Ya ce shi ɓoye masa da aka yi ne ya ɓata masa rai.

“Ni na ɓoye,” in ji Inna. “Uban yaron ya aiko tun farkon damina neman izini. Na ce su bari a kawar da amfanin gona, ka zo na faɗa maka baki da baki. Maganar aure ba ta waya ba ce. In laifi ne, ga ni.”

Shamsiyya ta ɗago da sauri. Ita kanta ba ta san an aiko ba.

Baffa ya gyara zama. Sannan ya ce a kira masa yaron. Mujitaba ya zo da farar rigar aikinsa, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da tabarma. Baffa ya tambaye shi sunan mahaifinsa, da rugarsu, da karatunsa, da dalilin da ya sa bai neme shi ba. Ya amsa a natse, ya ce umarnin Inna ya bi, amma duk da haka yana neman afuwa.

“In na ce ban ba ka ba fa?”

“Zan yi haƙuri, Baffa, na sake dawowa. Kuma ba zan fasa zuwa duba Inna ba.”

Baffa ya yi ɗan murmushi, na farko tun zuwansa. Ya ce zai aika a bincika, in ya ji alheri su turo magabata. Ya juya ya kira Shamsiyya, ta matso tana jan mayafi.

“Na saurari magana a kanki ban tambaye ki ba. Ki yafe wa Baffanki.”

Ta gyaɗa kai tana share hawaye.

Sagir ya sulale waje. Gwaggo Luba ta yi kwanaki tana fushi, amma da aka sa rana ita ta fara aiko da tambayar kalar ankon, don ba ta yarda a yi bikin 'yar wanta a ce ba ta ciki ba. Bincike ya dawo da yabo. Shamsiyya ta koma ba da labarinta na Juma'a, kuma a karo na farko ta saka nata a ciki, a taƙaice.

Bayan an gama girbi aka ɗaura aure. Gidan Malam Dikko ya cika har maƙwabta suka ari baƙi. Dangin ango suka zo daga Doguwa da ƙore na nono da man shanu. Abu ɗaya ne ya tsaya wa amarya a rai, wa zai kwana da Inna? Ko da yake Mujitaba ya kama gidan da ke jikin nasu, katanga ɗaya ce tsakani, sai an zagaya ta bayan layi kafin a shiga. Zulaihat ta ce za ta zauna wata guda, daga nan a san abin yi.

Washegarin kai amarya, Shamsiyya ta fito tsakar gidanta da buta a hannu. A jikin katanga ta ga an rataya wani sabon asabari. Mujitaba na tsaye gefe yana murmushi.

“Ɗaga ki gani, amaryata.”

Ta ɗaga. Ƙofa ce sabuwa, simintin gefenta ko gama bushewa bai yi ba. Ta cikinta tana hango igiyar shanyarsu da ƙofar ɗakin Inna. Ya ce shi da Baffa suka shirya, aka fasa ana tsakiyar hidimar biki, aka tare ta ɗaya gefen da buhunan masara don kada ta gani, sai da asubar nan aka kwashe su.

Ta juyo ta dube shi, idanunta suka ciko da ƙwalla.

“Kada ki yi kuka,” ya ce a hankali. “Na san ba ke kaɗai na aura ba, har da Inna.”

Sai ga ƙarar sanda. Inna Tasalla ta sunkuyo ta ƙofar tana dogarawa, ta tsaya ta ƙare wa gidan kallo.

“Ƙofar ta yi ƙasa, ɗan Fulani,” ta ce. “To, amarya, an ɗora kokon ko sai na koma gidana?”