Maɓallan Baba

"Haba Auta! Kullum sai ki ce a ɗaga ranar aurenmu?"

Auta ba ta ɗago kai ba, tana ninke rigunan mahaifinta. Malam, saurayinta mai koyarwa a firamare, ya jingina da ƙofar falo.

"In tafi in bar shi da wa? Jiya ma tambayata ya yi 'yar wane ce ni..."

Tun da ciwon mantuwa ya kama Baba, likita ya gaya mata gaskiya: magani ba ya warkar da shi. Cibiyar tsofaffi ta fi yi masa amfani, inda ake zama da su ana hira, ana waƙa, ana duba tsofaffin hotuna. Duk ranar da ya je ba ya faɗa, ba ya neman hanyar fita. Sai dai kuɗin wurin ya lashe albashinta, har ya fara taɓa na kayan ɗaki.

Washegari Malam ya je ya sami ma'aikaciyar cibiyar.

"Me za mu iya yi masa a gida?"

"Mece ce sana'arsa a da?"

"Tela ne."

"To ku mayar masa da ita. Hannu ba ya saurin mantuwa."

Da yamma ya zo da rigarsa wadda ya cire wa maɓallai da gangan.

"Baba, a taimaka mini."

Baba ya juya rigar, ya yi tsaki.

"Wane ragon tela ya yi wannan?"

Auta ta zura masa zare. Ya ɗinka su a karkace, amma ranar ya cinye abincinsa tas.

Haka Malam ya riƙa zuwa, har rigunan abokansa ba su tsira ba. Ƙwaƙwalwar Baba ba ta dawo ba, amma ya natsu, zuwa cibiya ya ragu.

Wata rana yana cikin ɗinki ya dubi Malam.

"Kai, kana da mata?"

"Ina nema, Baba."

Ya nuna Auta da allura.

"Ga wannan. Ban san iyayenta ba, amma tana da kirki. Ni zan tsaya mata."

Auta ta rufe baki, hawaye na zuba.

"Rabin raina..." Malam ya ce a hankali, "kin ji dai."

"Na ji. Amma a gidan nan za mu zauna!"

"Dole! Ina zan sami tela kamarsa?"