Dama a Kan Hagu

Ƙarfe biyar na yamma mai gadi Don Eusebio ya kulle ɗakin kayan tarihin Japan na jami'armu a Lima ta ƙasar Peru, bai ko leƙa ba, ina ciki. Na buga ƙofa har hannuna ya yi tsami.

"Bar wahalar da kanki, 'yata," in ji wata tsohuwa a bayana. "Ni ma na daɗe ina bugawa."

Na juya da murna, na samu abokiyar zama. Ƙamshin turaren wuta ya cika ɗakin. Na dubi kimonon jikinta, rigar gargajiyarmu ta Japanawa, ɓangaren dama a kan na hagu. Sau ɗaya na taɓa naɗa riga haka, ranar da muka yi wa gawar kakata Hatsue sutura, don mamaci kaɗai ake naɗa wa haka.