Filin Ƙwallon da Ba Wanda Ya Zaɓa

A wata makarantar firamare a Dutse, akwai wani yaro ɗan aji shida mai son ƙwallo kamar ransa.

Ran nan Malam Habibullahi ya shigo aji da kwamfutarsa.

"Yau za mu mulki wata ƙasa," in ji shi. "Wasa ne. Ku ne 'yan majalisa. Abin da mafi yawanku suka zaɓa, shi za a danna."

Kwamfutar ɗaya ce, fuskarta ƙarama. Sai 'yan aji suka zaɓi yaron ya zauna gabanta, domin ya iya karatu.

Ya karanta musu: "Mutanen ƙauye suna kukan ruwa. Matasan birni suna son filin ƙwallo. Ɗaya kawai za a iya yi."

Wata yarinya, Ruwaida, ta miƙe. "A haƙa rijiyoyi. A ƙauyen kakata can Miga, sai an sha tafiya kafin a samu ruwa."

Aka ɗaga hannuwa, masu son rijiyoyi suka yi rinjaye. Ana nan sai hedimasta ya kira Malam waje.

Yaron ya ƙura wa hoton filin ido. Ciyawa kore shar, ga fitilu. "Wa zai sani?" ya ce a ransa. Ya danna filin ƙwallo.

Da Malam ya dawo, ya ce a karanta sakamako. Yaron ya karanta: "Rani ya yi tsanani. Ciwon ciki ya ɓarke a ƙauyuka. Jama'a sun kayar da ku a zaɓe."

Barau, na bencin baya, ya daka tsawa. "Ruwaida ce ta ja mana! Ina amfanin rijiyoyinki?"

Aji ya ɗauki ihu. Ruwaida ta kifa kai a benci tana kuka.

Yaron ya kasa daurewa. Ya miƙe. "Malam, ba laifinta ba ne. Filin ƙwallo na danna."



"Don me suka zaɓe ka?" Malam ya tambaya a hankali.

"Don in danna abin da suka ce."

Yaron ya juya wajen Ruwaida. "Ki yi haƙuri." Barau ma ya ba ta haƙuri.

Malam ya ce, "To, 'yan majalisa, a cire shi?"

Ruwaida ta share hawaye. "A bar shi, Malam, tunda ya faɗi gaskiya. Amma a juyo mana kwamfutar kowa ya gani."

Suka kewaye tebur, aka sake wasan. Yaron ya danna rijiyoyi a gaban kowa. Ƙauyuka suka samu ruwa, jama'a suka sake zaɓarsu. Aji ya kaure da tafi.

Malam ya yi murmushi. "Ku riƙe wannan. Wanda aka zaɓa, amana aka ba shi. Abin da jama'a suka aike shi zai yi, ko ana kallonsa ko ba a kallo."