Motar da Sindre Ya Ɓoye

Ranar Lahadi ce, Gunvor ta sauke dafaffen kifi da dankali, ƙamshin man shanu ya cika kicin. Mijinta Oddvar na zaune a kujerarsa ta bakin taga, 'yarsu Tuva kuma tana gefen saurayinta Sindre, sai wasa take da zoben baikon da ya saka mata wata biyu da suka wuce.

"Kun ga ɗan gidan Hauge?" in ji Oddvar yana ɓare dankali. "Ya dawo daga Oslo da agogo kamar murfin tukunya. Ko gaisawa za ku yi sai ya naɗe hannun riga!"

"Haba Baba, to ba da kuɗinsa ya saya ba?"

"Na ce sata ya yi? Amma mutum ya san inda yake. Mu nan ba wanda ya fi wani. Motata shekararta goma sha tara, ta taɓa ƙin kai ni coci?"

Tuva ta taka ƙafar Sindre a ƙarƙashin tebur, alamar ya yi magana. Ina! Ya buɗe baki, ya dubi surukin nasa, sai kawai ya ce a miƙo masa gishiri.

Abin da ya kasa faɗa kuwa shi ne, kwana tara ke nan da ya sayi mota. Ba irin motocin garinmu ba, masu ɗaukar itace da yara da kare. Motar tsere ce ruwan ɗorawa, kujera biyu kacal, ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi kwalta, kuɗinta kuma ya haura krona miliyan guda. Shekarunsa ashirin da shida. Tun yana ɗan sha tara yake aiki a dandalin haƙar mai da ke tsakiyar teku, mako biyu can, mako huɗu gida, ba ya shan giya, ba ya yawon hutu. Guminsa ne tsaf. Amma garinmu mutum ɗari bakwai ne, titi ɗaya, kanti ɗaya, kuma duk wanda ya taso a nan ya san irin shirun da ake yi wa mai nuna kai. Ba a zaginka, a'a. Murmushi za a yi maka, a ce, "Lallai, abubuwa na tafiya," shi ke nan an gama da kai.

Don haka sai ya kama hayar wata tsohuwar rumfar shanu a ƙetaren ruwa, ya saka motar ciki ya ja ƙofa. Tuva kaɗai ta sani.

"Filis, ki yi mini alkawari," ya ce mata a bakin ƙofa bayan cin abinci. "Ko Mama ban gaya wa ba. Bari a yi biki tukuna."

"Sindre, mota ka saya fa, ba mutum ka kashe ba."

"Kin dai ji abin da Oddvar ya ce kan agogo. Agogo fa! To ni kuma me zai ce?"

Ta dubi idanunsa ta ga tsoro na gaske, sai tausayinsa ya kama ta. Ta gyara masa wuyan riga ta ce ta yi alkawari.

Tsarin da ya fito da shi ma abin dariya ne. Ranar da za su fita, shi zai hau jirgin fito na ƙarfe goma da kekensa, ita ta biyo na sha ɗaya. Yana jiranta a bayan gidan mai, ya ja hula har gira, ga baƙin tabarau. Da ta shiga sai su hau titin dutse mai lanƙwasa, shi yana ta washe baki kamar ƙaramin yaro, ita tana ihu tana riƙe da bel ɗin kujera. A can sama, inda dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, sukan tsaya su sha gahawa. A nan ne ya gaya mata cewa marigayi babansa, direban bas, yakan rage gudu duk sanda irin wannan motar ta 'yan yawon buɗe ido ta wuce su, ya ce, "Duba, Sindre, duba!" Bai taɓa zama cikin ko ɗaya ba har ya rasu.

Tuva ta kwantar da kai a kafaɗarsa. Ranar ta ƙara sonsa, ita kanta ta san haka.

Sau huɗu suka fita lafiya. A na biyar, Borghild mai aiki a kanti ta ƙetara ganin likitan haƙori. Da idonta ta ga Tuva ta sauka daga jirgi, ta waiga hagu ta waiga dama, ta zagaya bayan gidan mai ta faɗa mota ruwan ɗorawa, har ta sumbaci wani mai hula. Washegari kuma Sindre ya tafi teku.

Ku ji fa. Borghild ta san Sindre tun yana cikin zanen goyo. Amma ko a mafarki ba ta kawo cewa shi ne ba, haka duk wanda ta ba labarin. Ɗan Aslaug, mai yawo a keke da rigar sanyin da uwarsa ta saƙa? Ɗan garin nan ba zai sayi wannan abu ba. Sai dai wani baƙo, cikin masu kuɗin kiwon kifi. Kafin kwana biyu magana ta zauna: 'yar Oddvar na cin amanar yaron kirki, shi yana can teku yana nema musu abin zaman aure.

Tuva a makarantar renon yara take aiki. Ta lura iyaye sun daina tsayawa hira in sun kawo yara. A kanti aka miƙo mata kaya ba a dubi fuskarta ba. Ba ta gane ba sai ranar Talata, da ta dawo ta tarar da uwarta idanu jajir, ubanta kuma a tsaye ya ba ƙofa baya.

"Zauna," in ji Oddvar. "Wane ne mai motar?"

"Baba..."

"An gan ki ko ba a gan ki ba?"

"An gan ni."

Gunvor ta fashe da kuka. "Wayyo Tuva! Me yaron nan ya yi miki? Idan kin daina sonsa ki mayar masa da zobensa mana, ki fita da mutuncinki!"

"Mama, ban yi abin kunya ba. Ku yarda da ni."

"To faɗi sunansa," in ji uban.

Sunan na kan harshenta, kalma ɗaya ce ta wanke ta. Ta tuna tsoron da ta gani a idanunsa a bakin ƙofa, ta haɗiye. "Ba zan iya ba yanzu. Na yi alkawari."

Oddvar bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ɗauki hularsa ya fita wajen kwalekwalensa, kuma daga ranar ya daina zuwa shan gahawar safe da abokansa a kanti, abin da bai fasa ba shekara talatin.

Da yamma Tuva ta kira Sindre tana shessheƙa ta gaya masa komai.

"Sori, Tuva. Sori ƙwarai. Amma... ki ɗan ƙara haƙuri in dawo. Kwana goma ne. Zan san dabarar da za a yi."

"Dabara?"

"Ko mu ce ta abokin aikina ce, ya ba ni aro..."

"Sindre, karuwa suke kirana a ransu, kai kuma kana neman wanda za ka liƙa wa motarka?"

Ta ce ya kula da kansa a wurin aiki, ta ajiye wayar. Ta yi kuka mai isarta, amma ba ta karya alkawarin ba. Kwana goman nan ta yi su tana zuwa aiki kanta a sama, tana gaida masu kau da kai, tana ajiye wa ubanta abinci ko da ba zai dube ta ba.

Ranar Juma'a da rana Sindre ya dawo. Uwarsa Aslaug, wadda ita kaɗai ta rene shi tun rasuwar mijinta, ta toya masa wainar fulawa kamar kullum, amma ta kasa zama. Can ta kama hannunsa, hawaye na bin kumatunta.

"Ɗana, gara ka ji daga bakina. Yarinyar nan ba taka ba ce. Na so ta kamar ni na haife ta, jiya kuwa da na hango ta sai na tsallaka titi. Ta ɗago mini hannu, na yi kamar ban gani ba. Ka karɓo zobenka."

"Ta ɗago miki hannu?"

"Har da murmushi, don rashin kunya."

Sindre ya ajiye wainar. A ransa ya hango Tuva a tsaye a bakin titi da hannu a sama, uwar mijin da za ta aura tana guje mata, duk don kada a ce masa mai nuna kai. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya miƙe ya sumbaci goshin uwarsa.

"Mama, gobe akwai aikin gayya ko?"

"Fentin ɗakin taro. Ba sai ka je ba, kowa zai fahimta."

"Zan je."

Asabar da hantsi rabin gari na ɗakin taro, wasu kan tsani, wasu na kankare tsohon fenti, mata sun jera gahawa a kan dogon tebur. Tuva na can ƙarshen bango ita kaɗai da burushinta, an bar fili tsakaninta da kowa. Jirgin sha ɗaya ya tsaya. Sai aka ji wani ruri ya taso daga bakin ruwa, yana hawowa a hankali.

"Ga shi nan!" in ji Borghild. "Kai, har nan? Wannan wane irin marar kunya ne!"

Motar ta tsaya a tsakiyar fili. Oddvar ya sauko daga tsani, fuskarsa ta yi fari. Ƙofa ta buɗe, mai hula ya fito da kayan aiki a jikinsa, ya cire tabarau, ya cire hula.

"Ikon Allah... Sindre?" Aslaug ta dafe tebur.

Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Tawa ce. Ni na saya, da kuɗin aikina. Ni ne mutumin da aka gani. Na ji tsoron bakinku, na sa Tuva ta yi mini alkawari, ta riƙe, ni kuma na bar ta ta sha abin da ta sha. In akwai marar kunya a nan, ni ne."

Fenti na ɗiga daga burushin wani a kan takalminsa bai ma sani ba.

Oddvar ko kallon motar bai yi ba. Ya wuce kai tsaye wajen 'yarsa, ya rungume ta da hannuwansa duk jan fenti, tsoho mai shekara sittin da biyu yana kuka a gaban mutane. "Kin ce in yarda da ke, na ƙi. Yafe mini, 'yata." Aslaug ma ta taho da sassarfa ta riƙe hannun Tuva.

Sannan Oddvar ya juyo kan Sindre.

"Kai kuma. Da ka gaya mini, da na ce ba ka da hankali, in yi maka tsiya mako guda, a wuce wurin. Kuɗinka ne. Amma kwana goma sha biyu 'yata na cin abinci ita kaɗai a gidana. Wannan ne ba zan manta da wuri ba."

"Na sani, Oddvar."

"Ba ni za ka ba haƙuri ba."

Sindre ya tako gaban Tuva, idanunsa sun cika. Ta daɗe tana kallonsa. "Na ji haushinka sosai," ta ce. "Har yanzu ina ji. Amma ka zo." Ta miƙa masa hannu.

"To shiga da ita," in ji Oddvar yana share ido da bayan hannu. "Ku sauke gilashi, ku bi ta gaban kanti har coci ku dawo. A hankali, kowa ya ga wanda ke zaune kusa da ita. In kun dawo, fentin bangon sama naka ne."

Haka aka yi. An yi maganar motar, ba a fasa ba. Wasu sun ce kuɗi ya yi wa yaro yawa, wasu sun yi masa murmushin nan nasu, kuma bai mutu ba. Kafin wata ya ƙare hira ta koma kan sabon limamin coci. A watan Agusta aka ɗaura aurensu, Borghild da kanta ta yi kek ɗin biki mai hawa uku.

Ku matasa, abin da kuka samu da guminku ba abin kunya ba ne, ku riƙe shi a fili ba tare da girman kai ba. Mutane za su yi magana ko kun ɓoye ko kun nuna. Bambancin kawai, in kun ɓoye, maganar kan faɗa kan wanda ya fi sonku, shi ne zai tsaya ya sha ta a madadinku. Tuva ta sha, ta yi haƙuri, ta sami mijinta da mutuncinta. Ba kowace ce za ta jira kwana goma sha biyu ba.