Wa Ya Yanke Fuskar Jaririyar?

Sufeto Lorraine Swan ko shayinta ba ta shanye ba aka kira ta ɗakin nunin hotuna na Mista Holloway, a tsakiyar Alice Springs. An yi ɓarna, ga shi da la'asar za a buɗe nuni.

Mai aikin, Kirra Furber, 'yar gari ce amma girman Melbourne. Tsofaffin hotunan da Turawa suka ɗauki mutanenmu, baƙaƙen fata 'yan asalin ƙasar, take yayyankawa ta harhaɗa. A hoton da aka ɓata, wata uwa mai rungume da jaririya, wadda a da aka rubuta "'yar daji" a ƙarƙashinta, ita ta zaunar a kujerar alƙali. Yanzu inda fuskar jaririyar take sai rami.

"Masu ƙin baƙar fata ne!" in ji Kirra. "Shekara biyu ina wannan aikin!"

"Maƙiyan naki akwai ladabi," in ji Sufeto. "Sun kwance gilashi, sun yanka tsaf, sun mayar da kusoshi. Don Allah rage murya."

Holloway ya rantse shi kaɗai ke da makulli. Sai da ta tambaye shi sau uku wa ke goge masa ƙasa kafin ya tuna da Inna Mavis. Mutumin nan ya kai wa Sufeto wuya.

Ta sami Mavis a bayan gini da tsintsiya, kanta a aske ƙwal.

"Inna, kin shiga ciki yau?"

"Ban shiga ba, 'yata. Ƙafa ke damuna."

"To aljanu suka goge ƙasan? Har yanzu da danshi. Wa ya rasu kika yi aski?"

Mavis ta ci gaba da shara.

"Jaririyar hoton nan, ya sunanta?"

"Kin san ba zan faɗa ba. Sai ka ce ba a nan aka haife ki ba!"

Sufeto ta dafe goshi. Biri ya yi kama da mutum. A al'adarmu, wanda ya rasu ba a kiran sunansa, ba a nuna fuskarsa, sai makoki ya wuce.

"Yayata ce, ran Talata ta tafi," in ji Mavis, tana ciro fuskar daga rigarta, nannaɗe a ƙyalle. "Ni na yanka. Na roƙi maigida ya rufe hoton, ya ce an riga an gayyaci baƙi. In bar ta a bango suna kallonta suna cin cuku?"

Holloway ya kafe sai an rubuta ƙara. Takaici ya hana Sufeto ko kallonsa. Ta buɗe wa tsohuwar ƙofar gaban mota, ankwa kuwa ko taɓa ta ba ta yi ba.

Kirra ta biyo su da hawaye. "Inna, ban sani ba. Don ku na yi, kuma sai da na nemi izini."

"Wajen wa?"

"Ɗakin tarihi, can babban birni, Canberra."

Mavis ta gyara zama. "Kin kyauta, kin sha tafiya. Gidanmu kuwa ga shi can ƙetaren rafi, minti goma a ƙafa."