Haƙora Biyu a Cikin Turmi

A Goronyo, a shekarar da sojojin yaƙin Bama suka fara dawowa gida, akwai wata yarinya 'yar masunta. Ba ta ƙyuya, ba ta rowa. Amma fa akwai zuciya! Da an yi mata musu, sai ta kumbura kamar ƙosai a mai.

Babanta ya taɓa kashe wani kada da ya addabi awakin gari a Gulbin Rima. Da wannan take tinƙaho ko'ina. Haƙorin kadan ma yana nan rataye a ɗakinsa.

Tana da ƙawa mai suna Kaltume. Mahaifin Kaltume yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa yaƙi, kuma bai dawo ba. Abokinsa Zayyanu ne ya kawo labarin rasuwarsa, tare da wani haƙori da ya ce a ba 'yarsa. Haƙorin wani ƙaton kifin teku ne, wanda Turawan jirgi suke kira shak. Fari ne, mai faɗi, gefensa kamar zarto. Kaltume ta ɗaura masa zare ta rataya a wuya. Abin da ya rage mata na ubanta ke nan.

Wata rana da hantsi, su biyu sun gama dakan gero a gidan su yarinyar, suna hutawa.

Kaltume ta shafa haƙorin ta ce, "Baba Zayyanu ya ce kihin ga ya hi kwalekwale tsawo. Wai babu dabbar ruwa da ka iyawa da shi."

Yarinyar ta ce, "Har kada?"

"Har kada."

Nan take ran yarinyar ya ɓaci. Ji ta yi kamar an raina babanta.

"Ƙarya ta! Kihi dai? Wanda muka soyawa? Kada hwa saniya shika ja ruwa. Bayanai ko mashi bai huda shi!"

Kaltume ta ce, "Shi ko shak haƙora nai layi-layi na. Kahin kada shi juyo, ya gutsire mai ƙahwa."

"To shi hito tudu mana mu gani! Kada na da ƙahwahu. Naku mi garai?"

"Shi ma kadan shi shiga teku mana!"

Murya ta hau murya. Kaji suka watse. Yarinyar ta buga ƙafa, ta faɗa ɗakin babanta, ta ciro haƙorin kada.

"Ga turmi, ga taɓarya," in ji ta. "Kowane bugu guda. Wanda yaf hashe, shi ar rago."

Kaltume ta dafe wuyanta. "A'a. Na babana na."

"Tsoro kika ji! Ashe kin san ƙarya ta."

Wannan magana ta yi wa Kaltume zafi. Ta cire zaren, ta miƙa.

Yarinyar ta fara sa haƙorin kada. Ta ɗaga taɓarya sama, ta sauke ta a hankali, ta ɗan taɓa shi kawai. Ko ƙwarzane bai yi ba. Sannan ta jefa na Kaltume. Ta cije leɓe, ta tattara duk fushin da ke cikinta, ta maka masa taɓarya.

Ƙas!

Haƙorin ya rabu gida uku.

"Kin gani? Kada ya ci!" in ji ta.

Ba wanda ya taya ta murna. Kaltume ta leƙa turmin. Ba ta yi zagi ba, ba ta yi duka ba. Ta rufe fuska da zanenta, ta fita da gudu tana kuka.

Ashe Inna, mahaifiyar yarinyar, tana bakin madafa, ta ga komai. Ta taso a fusace.

"Ke! Mi kinka yi?"

"Ita ta hwara, Inna. Ta ce kihi ya hi kada."

"Ruhe man baki! Na ga bugun hwarko, na ga na biyu. Marainiya kinka cuta, kuma da zamba. Ba ki ji kunya ba?"

Yarinyar ta zumɓura baki. Har yanzu fushi bai sake ta ba.

Da azahar Baba ya dawo daga gulbi. Inna ta kwashe labari ta gaya masa. Ya ajiye taru, ya dubi 'yarsa har sai da ta sunkuyar da kai.

Ya ce, "Don ni kinka yi wanga aiki?"

"An raina kadanka, Baba."

"Kadana? Kadan gulbin ga bai taɓa ganin teku ba. Kihin can bai san Goronyo ba. Ba su yi hwaɗa ba, ke kinka yi musu. Ni in kina son haƙorin kada, gobe ma ana samu. Ita hwa? Wa za ya koma Bama shi amso mata wani daga hannun babanta?"

Sai a lokacin abin ya shige ta. Ta dubi babanta, ga shi tsaye da ransa, ƙafafunsa duk laka. Ta tuna Kaltume ba ta da wanda zai shigo mata gida da azahar. Ta fashe da kuka.

Kwana uku Kaltume ba ta zo daka ba. Ko a bakin gulbi suka haɗu, sai ta kawar da kai. Yarinyar ta yi ta daka ita kaɗai, ga gero ya ƙi dakuwa.

A rana ta huɗu ta kawo wa Baba gutsattsarin nan uku. "Baba, ana iya liƙe shi?"

"Ba a iyawa. Amma ana iya adana shi."

Ya yanko mata 'yar fata mai taushi, ta cikin kadan nan da ya kashe. Ya huda mata da basilla. Ita ta yi ɗinkin da kanta. Sau biyu tana soke yatsa, ɗinkin kuma ya karkace, amma ta gama. Ta sa gutsattsarin a ciki, ta ɗaura zare.

Ta tarar da Kaltume a tsakar gidansu tana tsince wake. Ta durƙusa ta miƙa mata.

"Kaltume, na yi zamba. Nau a hankali na taɓa shi, naki na buga da ƙarhi. Hushi na yaj ja ni. Ki yahe man."

Kaltume ta karɓa. Ta matsa fatar, ta ji gutsattsarin a ciki. 

Can ta ce, "Ba shi komawa yadda shike."

"Na sani."

"Wagga hwatar mi ta?"

"Ta kada ta."

Kaltume ta harare ta. "Wato kadanku ya haɗiye man shak ke nan?"

Musu ya taso wa yarinyar har maƙogwaro. Ta haɗiye shi da ƙyar. Ta ce, "A'a. Gadi nai shika yi."

Kaltume ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, ta kasa. Dariya ta ƙwace mata, ga hawaye yana zuba. Ta rataya fatar a wuya, ta tura wa ƙawarta faifan wake ta ce, "To zamna ki tsince."

Yara, ku kiyayi fushi a kan musu. Cin gardama bai kai ɓacin ran aboki ba, kuma abin da ka fasa cikin fushi ba kullum yake gyaruwa ba. In kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya duka, ku nemi gafara.