Huɗu Nama, Biyu Mutum

Ƙarfe sha ɗaya na safiyar Asabar waya ta shigo ofishin Sufeto Munzali a Birnin Kebbi, daga caji ofis na Argungu. An harbe wani maharbi mai suna Hodi wurin farautar gayya ta barewa a fadamar Rima, ya cika nan take. Wanda ya yi harbin kuma ya kawo kansa da ƙafarsa, har da bindigarsa.

"Aiki ya zo da sauƙi, Yallaɓai," in ji Saje Mujtaba yana tayar da mota.

Munzali ya taɓe baki. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, bai taɓa ganin laifin da ya zo a dafe ya ƙare lafiya ba. Ruwa ba ya tsami banza.

A caji ofis ɗin, a bayan kanta suka tarar da mutumin. Kalilu sunansa, siriri, zai kai arba'in da biyar, yana zaune ya haɗa kai da gwiwa.

"Kai ka harbe shi?"

"Ni na, Yallaɓai. Haki ya motsa, na zaci barewa ta, nij ja kunamar bindiga. Ƙaddara ta."

"Akwai wata rigima tsakaninku?"

"Ko kusa. Tare munka tashi."

Maharba takwas ke zaune a inuwar darbejiya a waje. Munzali ya kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya shigo sai ya zuba masa karatu iri guda: haki ya motsa, ya zaci barewa ta, yaj ja kunama, ƙaddara ta. Ko wasali bai canza ba, sai ka ce allo ɗaya suka wanke suka sha. Na takwas ɗin ma da bakinsa ya ce shi a tsallaken gulbi aka tsayar da shi.

"Kana tsallaken gulbi, da wane ido ka ga hakin ya motsa?"

Mutumin ya sunkuyar da kai yana wasa da layar damtsensa.

Da azahar suka isa asibiti. Likita ya turo wa Sufeto ɗan kwanon ƙarfe, ciki da ƙwallaye bakwai masu sheƙi.

"Daga ƙirjinsa da wuyansa na ciro su. 'Ya'yan boris ne na babur. Yadda suka shiga kuwa, a duƙe yake lokacin da aka harbe shi."

Munzali ya sa Saje ya zazzage jakar farautar Kalilu a kan tebur. Ga albarushi, ga tsumman toshe baki, ga guntayen rodi da aka sassare da kurfi. Boris ko ɗaya babu.

Suka koma bayan kanta.

"Kalilu, da me kake ɗura bindigarka?"

"Rodi."

"Kullum?"

"Tun da nike."

Sufeto ya buɗe tafin hannunsa ya nuna masa ƙwallayen. Kalilu ya dube su.

"Aro niy yi."

"Wurin wa?"

Kalilu ya kau da kai.

"Bawan Allah, ka san abin da kake saya wa kanka? Kisa ne fa. Ko alƙali ya yarda kuskure ne, sai ka yi furfura a gidan yari."

"Ba ni da ɗiya, Yallaɓai," in ji Kalilu a hankali. "Ba mai kukan rashina sai mata guda."

Haushi ya kama Munzali, na mutumin da na waɗanda suka zaɓo shi. Wato an zauna an duba wanda ya fi araha a cikin taro, an miƙo wa hukuma.

Washegari da hantsi suka shiga ƙauyen maharban, gaba kaɗan da Argungu. Laure matar mamacin tana cikin takaba, ta bayan asabari ta yi magana, muryarta a bushe.

"Sun zo sun ce in yi haƙuri, ƙaddara ta. Na ce na ji."

"Wa ke ɗura boris a garin nan, Malama?"

Ta rage murya.

"Mutum guda. Shi ka cewa rodi abincin bindigar talaka na."

"Wane ne?"

"Sarkin Baka Tamba, shugabansu." Ta ja numfashi. "Yallaɓai, ka san dokarsu? Shi yak kafa ta, shekara talatin. Ba a harbin motsi. Sai ka ƙirga ƙafa kahin ka taɓa kunama: huɗu nama, biyu mutum. Ya sha karɓe bindigar wanda yat taka ta, ya kore shi daga gayya. To Hodi ya faɗa mini tun bara waccan, Sarki ba shi iya ƙirga ƙafa yanzu. Shi ka tsayawa kusa da shi, yana raɗa mishi abin da ke gaba. Mijina shi na idonshi."

"Sauran sun sani?"

"Wa bai sani ba? Sun sani, sunka bi shi daji da bindiga a hannu."

Nan kukan ya ƙwace mata.

Kafin su isa ƙofar gidan Sarki, Munzali ya karɓi wata rigar farauta ruwan ƙasa daga igiyar shanya, ya miƙa wa Saje, ya gaya masa abin da zai yi.

Sarkin Baka Tamba yana zaune kan buzu a bakin zaurensa, dattijo mai faɗin kafaɗa, rawani ya sauko har gira. Maharban nan takwas suna kewaye da shi. Ya karɓi gaisuwa da murya mai kauri.

"Sufeto, yaron nan Kalilu ni nik koya mai harbi. Ya kunyata ni. Amma a sassauta mishi."

"A ina ka tsaya ranar, Sarki?"

"Gindin giginya, wurina na kullum."

"Ka yi harbi?"

"Ban ga abin harbi ba."

"An ce kai ne mai dokar ƙirga ƙafa."

"Ni na," ya faɗa da alfahari.

"To taimaka mini, ni ɗan birni ne. Wancan abin da ke gindin rumbu, ƙafarsa nawa?"

Taku talatin ne tsakani, rana tsaka, ko yaro na goye zai faɗa. Maharban suka daskare. Ɗaya ya buɗe baki, Munzali ya watsa masa harara, ya rufe. Tamba ya ɗaga kai, ya ƙanƙance ido, ya daɗe yana kallo.

"Huɗu. Ɗan maraƙin maƙwabcina na."

"Saje, miƙe!"

Saje Mujtaba ya miƙe tsaye daga duƙen da ya yi, ya cire rigar farautar, ya tako har gabansu yana buga takalmi.

Tamba ya kai hannu ya tura rawaninsa baya, sai ga idanun a fili, fari ya lulluɓe su kamar an ɗiga nono.

"Na aiki Hodi hagu ya duba sawu," ya ce, muryar nan mai kauri ta zube. "Ashe sawun ya kewayo ta gabana. A al'adarmu harbin farko na Sarki na, ba mai ja sai na ja. Na ji karnuka sun taso, na ji kowa ya yi tsit yana jirana. Nig ga ja-ja yana motsi. In na tsaya jiran Hodi ya dawo ya raɗa mini, asirina ya tonu. Nij ja."

"Kalilu fa?"

"Sun ce in jinin mutum ya hau kan Sarki, sarauta ta bar gidanmu. Munka zauna. Shi bai musa ba."

"Yanar ido ce fa, Sarki!" Munzali ya daka masa tsawa, ya ma manta da furfurarsa. "Aikin da ake yi a Birnin Kebbi kafin shayi ya huce! Shekara biyu, me ya hana ka zuwa?"

"In na tai, gari ya ji. Makaho ba shi sarautar baka."

Sufeto ya juya kan sauran. "Ku kuma kun ji kunya, wallahi. Takwas ɗinku, an rasa mai cewa Baba ajiye bindiga. Kun bar mutum guda ya mutu, kuka ɗauko na biyu za ku binne da rai. Duk ku hau mota, ƙaryar da kuka yi wa hukuma tana jiranku."

Saje ya ciro ankwa. Munzali ya girgiza kai, ya ce a kama hannun tsohon kawai, don ko matakin motar ba ya gani.

La'asar sakaliya suka isa caji ofis. An fito da Kalilu daga bayan kanta, yana tsaye a bakin ƙofa da takalmansa a hannu, matarsa na jiransa a waje. Da ya ga wanda ake jawowa, sai ya durƙusa har ƙasa, hawaye na zuba.

Tamba ya zo daidai kansa, har gefen rigarsa ya shafi fuskar Kalilu. Ya ɗan tsaya, ya leƙo inuwar da ke gabansa.

"Sannu da aiki, ɗan sanda," ya ce. "Matsa in wuce."

Kalilu ya matsa.